Bijimin Jirgi na Baba Ɗanlahadi

A bayan tashar Kankara akwai wata rumfar kwano inda ake gyaran janareta da injin ban-ruwa. Mai rumfar dattijo ne siriri, furfura ta cinye gemunsa, ba shi da yawan magana, in ma zai yi sai ya goge hannu da tsumma tukuna. Sunansa Ɗanlahadi, a coci Daniel, amma 'yan tasha Baba Kyaftin suke ce masa. Baƙo yakan ɗauka tsokana ce kawai. Da tsokanar a ciki, amma ba ita kaɗai ba ce, don a aljihun rigarsa, a naɗe cikin leda, akwai lasisin tuƙa ƙaramin jirgin sama, da hotonsa a jiki.

A Unguwar Ɗanhausa aka haife shi, wani ɗan ƙauye da ke bayan Tafoki a ƙasar Faskari. Uwarsa ta rasu yana rarrafe, yayarsa Asibi ce ta goya shi. Yana saurayi aka yi wata shekara ta tsuntsayen jan-baki, aka kawo ƙaramin jirgi yana yi wa gonaki feshi. Samari suka je kallo suka dawo, shi bai dawo ba. Ya fara da ɗaukar jarkoki, aka ba shi wanki, daga baya aka miƙa masa sifana. A haka ƙuruciyarsa ta ƙare, yana kwance ƙarƙashin injin da wani zai tashi da shi.

Da kamfanin feshin ya rufe aka ba ma'aikata kuɗin sallama. Wani ya sayi motar haya, wani ya gina gida. Ɗanlahadi ya kai nasa Zariya ya ce a koya masa tashi. Ya riga ya wuce arba'in a lokacin. Takardar da kuɗinsa suka isa ita ce ƙarama, wadda ta yarda mutum ya tuƙa don kansa amma ba ta yarda a biya shi ba. Babbar, ta masu ɗaukar fasinja, ko kusa da ita bai je ba. Sai ya dawo Kankara da takarda da akwatin kayan aiki.

Ita wannan takarda ba ta son zaman aljihu. In mutum ya daɗe bai tashi ba, ko bai je likita ya duba masa ido da zuciya ba, sai ta mutu. Jirgi kuma haya ake yi, da awa ake lissafi, mai da komai a ciki. Abin da gyaran janareta ke kawowa bai wuce na tuwo ba.

Matarsa Grace ce ta samo dabarar. Wata rana ta tarar da shi zaune ya shimfiɗa takardar a gwiwa yana kallo, ta ce, "In kallonta za ka yi ta yi har ta mutu, ba ni in kunna wuta da ita. In ba haka ba, tashi ka kafa turke."

Ya kafa turke a tsakar gida, gindin darbejiya. Daga nan shekararsa ta samu tsari. Da an gama kaka sai ya sayi maraƙi ramamme, mai faɗin ƙugu da sakakkiyar fata, ya ɗaure. Ya yi ta ba shi dusa da harawa da kanwa, a yi masa wanka, a cire masa kaska. In wata kakar ta zo, lokacin da fatake ke sayen shanun ƙarshen shekara su kai kudu, sai ya ja shi kara, kasuwar shanu. Abin da aka samu a raba biyu: kaɗan na sabon maraƙi, sauran na Zariya.

A filin jirgin yakan tarar da irinsa da ba irinsa ba. Akwai ɗan wani attajiri da ke zuwa kowane ƙarshen mako da tabarau a goshi. Akwai wasu likitoci da suka haɗa kuɗi suka sayi tsohon jirgi ɗaya, kullum suna gardamar wa zai biya kuɗin taya. Akwai samari da iyayensu suka sayar da fili don su tara awoyi su samu aiki a manyan kamfanoni, suna cin biredi da ruwan leda. Ɗanlahadi yakan zauna a ƙarshen benci da 'yar jakarsa, ba ya shiga hirarsu. In an tambaye shi sau nawa yake tashi, sai ya ce, "Yadda bijimi ya ce."

A shekarun farko bijimi yakan ce awa uku. Sai ya yi yamma har saman Sabuwa, ya karkato arewa ya bi duwatsun Faskari, ya leƙa Kankara ya ga rufin rumfarsa, ya kuma rage na wani tashin. Man jirgi ya yi ta tsada, bijimi ya koma cewa biyu. Aka cire Sabuwa. Aka cire Kankara. Abu ɗaya ne bai taɓa cirewa ba.

A gabashin Unguwar Ɗanhausa akwai wani falalen dutse inda ake sussuka. In an yanke dawa, duk matan ƙauyen da yaransu a can suke wuni. A wannan lokaci yake saita tafiyarsa. Ba ya aikawa, su ma ba sa jiran aike. Da sun jiyo ƙarar sai a ajiye taɓare, yara su yi ta tsalle, Asibi kuma ta kwance wani jan mayafi da take ɗaurawa a ƙugu duk kaka saboda wannan rana, ta ɗaga shi da hannu biyu. Shi kuma ya kewaya sau uku, ya karkaɗa mata fukafukai, ya juya.

Wannan ita ce ziyararsa. Ta ƙasa ba ya zuwa, ko da yake tafiyar ba ta kai ta wuni ba. Ran da ya fara wucewa ta samansu, labari ya iso shi cewa a ƙauye ana ta faɗin Auta, kamar yadda suke kiransa, ya sayi jirgi. Bai ce haka ne ba, bai kuma ce ba haka ba ne. Daga baya ya ga mai jirgi ba zai sauka daga bayan acaba da sabulu biyu a leda ba. Sai ya ce bari sai baɗi, in hannu ya ɗan yi nauyi. Haka baɗi ta yi ta zuwa tana wucewa. Ko da Grace ta rasu, Asibi ce ta zo Kankara ta yi kwanakin makoki, ya kuma lura ba ta tambaye shi inda yake ajiye jirgin ba. Ya ɗauka kara ce ta yi masa saboda rasuwar.

Bayan Grace gidan ya zama shi da bijimi. Ɗiyarsu ɗaya tana aure a nesa, sai waya ran Lahadi. Da yamma in ya rufe rumfa yakan jawo kujera kusa da turke, yana jin dabba na tuƙa, yana gaya mata tsadar dusa.

Sai ƙasa ta lalace. Ba sai an yi dogon bayani ba, duk wanda ya zauna a wannan yanki ya san abin da ya fito daga daji. Aka rufe kasuwannin shanu na wani lokaci, waya ta ɗauke, hanyoyi suka zama sai da addu'a. Bijimin wannan shekara ya ci har ya gaji da ci, a ƙarshe mahautan gari suka saye shi yadda suka ga dama. Kaka uku Ɗanlahadi bai tashi ba. Malam Abdulganiyu, mai koyarwa a ƙaramin kamfanin da ke ba shi haya, ya kira shi da waya ta dawo.

"Baba Kyaftin, bana ce ta ƙarshe fa. In ba ka zo mun tashi tare na sa maka hannu ba, takardar nan sai dai a sake daga farko."

Daga farko kuwa, a shekarunsa, ya san ma'anarta.

Ya yi kiwon wannan shekara kamar mai jinya. Ya rage nasa cin ya ƙara wa turke. Da kaka ta zo ya ja bijimin kara, fari ne mai baƙin wuya, yana tafiya ƙasa na amsawa. Sha'ibu dillali, wanda ya saba sayar masa, ya hango su tun daga nesa.

"Jama'a a ba da hanya, ga bijimin jirgi nan ya sauka! Baba Kyaftin, wannan ai ba hawa jirgi za ka yi da shi ba, shi za ka hau ya tashi da kai."

"Malam Sha'ibu, taya mani dai."

"Mi kake sauri? Ko injin na kunne?" Ya daki gindin bijimin, ya juya wajen wani falke. "Alhaji, duba nan. Wannan ba ciyawar bola ya ci ba. Mai shi tare suke cin abinci, in ƙarya nake tambaye shi. Har hira suke yi."

Aka yi dariya. Aka ja ciniki, Sha'ibu ya rantse ya sake rantsewa, ya yi fushi ya tafi ya dawo, aka sallama. Kuɗin sun fi na kowace shekara yawa a hannu. Da ya kai su Zariya, aka cire na likita, sai bijimi ya ce awa ɗaya da 'yan kai.

Abdulganiyu mutumin Ilori ne, Hausarsa da ɗan gishiri, yana girmama tsohon. Tare suka zagaya jirgin suna dubawa, Ɗanlahadi yana shafa farfela kamar yadda yake shafa wuyan maraƙi.

"Ina za mu, Baba?"

"Inda ka sani."

"An ba mu izini, amma wancan gefen ba kamar da ba ne. Ba za mu yi ƙasa sosai ba. Ka aika musu kana zuwa?"

"Ban taɓa aikawa ba. Sun san ƙarata."

Hannunsa bai manta ba. Da ƙafafun jirgin suka bar ƙasa, wani abu da ya daɗe a ƙirjinsa ya sauka. Suka bi saman Funtuwa, ya ga titi da motoci, ya ga dam na walƙiya. Daga nan ƙasar ta fara canzawa. Gonakin da ya sani a share, da yawansu ciyawa ta rufe. Ya wuce ƙauyuka biyu da ba hayaƙi a cikinsu. Ya ƙara matse sitiyari.

Sai ga dutsen. Da mutane a kansa, da dammunan dawa a jere, da ƙurar shiƙa tana tashi.  Ya rage wuta, ya sunkuyar da hancin jirgin kaɗan yadda ya saba.

Ya ga an ajiye taɓare. Ya jira tsallen yara.

Abin da ya gani kamar an jefa dutse cikin kaji ne. Mutane suka watse ta kowane gefe, wasu cikin karan dawa, wasu suka gangara bayan dutse, wasu suka kwanta a inda suke suka rufe kai da hannu. Ƙorai suka kife, hatsi ya malale. Wata mace ta zame a gangaren, ta mirgina, ba ta tashi ba. Kafin ya gama kewaye ɗaya dutsen ya zama wayam, sai mutum guda a tsakiya, tsohuwa, ta ɗaga jan mayafi da hannu biyu, tana juyawa tana yi wa masu gudu magana.

"Baba, mu hau sama," in ji Abdulganiyu a hankali. "Mu tafi."

Bai karkaɗa fukafukai ba. Ya juya. Suka koma Zariya suka sauka. Abdulganiyu ya sa masa hannu, ya ce saukar ta yi kyau, ya ce kuma tun da ba su yi kewayen ba akwai ragowar lokacinsa, ko za su ƙara zagaye ɗaya a nan kusa?

"A ajiye mani," in ji shi.

Kwana biyu bai buɗe rumfa ba. A na uku ya je tasha ya samu Gide, ɗan acaban da har yanzu ke yarda ya shiga bayan Tafoki da rana tsaka. Bai sayi sabulu ba. Ya hau baya, hannu wofi.

Ƙauyen ya ƙanƙance. Bai ga saniya ko ɗaya ba. Waɗanda suka gane shi suka gaishe shi, gaisuwa cikakkiya, ba wanda ya ɗaga murya, ba kuma wanda ya biyo shi. Ya tarar da Asibi a ƙofar ɗaki tana ɓarar gyaɗa. Ta tsufa fiye da yadda ake gani daga sama. A cikin ɗakin surukarta Lauratu, wadda ta zame a gangaren dutse, na kwance, an ɗaure mata ƙafa da karare.

Ya durƙusa. "Yaya."

Ta dube shi tun daga hula har takalmi. "Ashe kana da ƙafafu."

Ta tura masa tabarma. Ta aika aka kawo ruwa. Sai da ya sha ta ce, "Mai ɗori ya ce za ta taka, amma ba bana ba."

"Ban sani ba, Yaya. Na ɗauka za su gane."

"Ni na gane. Tun kana bayan tsauni na ce masu Auta ne. Wa zai saurare ni? Yaran nan da ka gani, rabinsu ba su san wani jirgi mai gaisuwa ba, sai mai sakin wuta. Mu yanzu ko babur ya yi ƙara da yawa sai an leƙa." Ta ci gaba da ɓara. "Kai kana can, kunnenmu ya canza, ba ka nan balle ka ji."

Ya daɗe yana kallon ɓawon gyaɗa. Sannan ya goge hannu a gwiwa, ko da yake ba mai a jiki.

"Yaya, jirgin nan ba nawa ba ne. Haya nake yi."

Asibi ta yi 'yar dariya ta hanci, Lauratu ma daga cikin ɗaki sai da ta motsa.

"Auta, mu ba mu cin kasuwar Kankara ne? Sha'ibu da bakin nan nashi? Tun shekarar farko kowa ya san bijimin jirgi. Har gardama ake yi a nan ko na bana ya kai na bara."

"To mi ya sa ba ku faɗa ba?"

"Mu faɗa ma wa? Kai da kake wucewa ta sama?" Ta zuba gyaɗar a ƙwarya. "Na ce ƙila abin da kake iyawa ke nan. Na ce to, in ɗaga mashi zane."

Gide ya leƙo ya ce rana na yi, ba a son la'asar ta same su a hanya. Ɗanlahadi ya shiga ya gaishe da Lauratu, ya ba ta haƙuri, ta ce ba komai Baba, Allah ne Ya kawo. Ya ajiye mata kuɗin sabon maraƙin a gefen tabarma. Asibi ta raka shi har bakin danga.

"Kada ka ƙara zuwa mana ta can," ta ce, ta nuna sama da haɓa. "In za ka zo, ga hanya. In ba za ka iya ba, na yafe." Sannan ta ce, "Turken naka akwai wani abu a kai?"

"Babu."

"Akwai karsanata, ita kaɗai ta rage mani. Tana ɓoye wajen wani a Tafoki, ya gaji da ita. Nan ba a ajiye dabba."

Bayan mako guda aka sauke karsanar a Kankara, ja ce, ramammiya, mai tsoron mutane. Ya ɗaure ta a gindin darbejiya. Sha'ibu ya zo wucewa ya leƙa ta katanga.

"A'a, Baba Kyaftin! Bana macen jirgi za a yi?"

"Ba ta sayarwa ba ce. Ajiya ce."

Sha'ibu ya dubi tsohon. Ya ce Allah Ya raya, ya wuce.

Yanzu Baba Ɗanlahadi yakan je Unguwar Ɗanhausa in hanya ta yi sauƙi, wani lokaci wata ya wuce ba ta yi ba. Yakan kai wa yayarsa labarin karsana, ya gyara musu injin niƙa, ya dawo kafin la'asar. Lauratu ta taka, da ɗan ɗingishi. Takardar tana nan a aljihu cikin ledarta, ranar da ke jikinta ta wuce, 'yan tasha kuma ba su daina ce masa Kyaftin ba.

Da dawa ta nuna bana, wayarsa ta yi ƙara yana tsakiyar kwaɓa dusa. Abdulganiyu ne.

"Baba, shiru. Ragowar lokacinka fa na nan. Ko ba takarda, ka zo mu tashi tare, ka riƙe mini sitiyari. Mu zagaya Zariya kawai."

Tsohon ya ɗaga kai. Sama ta yi fes, irin wadda ake so, ba gajimare ko ɗaya. Ya daɗe yana dubanta.

"Wa zan gaisar a Zariya, Malam?"



"A ci gaba da ajiye mani," in ji Baba Ɗanlahadi.

Ya mayar da wayar aljihu. Karsanar ta miƙo wuya tana jan igiya, ya tura mata kwanon dusa, ya jawo kujerarsa kusa da turke ya zauna.